Ki bari sai washegarin Sallah

Ɗiyata, saƙonki ya iso, ƙaninki ya karanta mini har sau biyu, shi ne ma yake rubuta wannan. Kin ce bana kina so ki hutar da ni hayaƙin murhu, ki kwashe mu gaba ɗaya ranar ƙaramar Sallah zuwa gidan cin abinci a unguwar Osu ko East Legon a nan Akara, har da ƙawayenki na wurin aiki, kowa ya biya nasa. Kika ce ko al'ada ta yarda. Allah ya yi miki albarka da kika tambaya tun ba ki biya kuɗin tebur ba.

Cin abinci a waje ba laifi ba ne. Ni da na shafe sama da shekara 30 ina sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a bakin titin unguwarmu Nima, ina tashi tun kafin kiran assalatu in ɗora wake da karan dafi, in na kushe abincin sayarwa ai na zagi tukunyar da ta biya miki kuɗin makaranta. Ranar da kika zaɓa ce ba ta yi ba.

Kin ɗauka tuwon Sallah don mu ake yinsa? Mu nawa ne a gidan? Da don cikinmu ne, tukunya ɗaya ta isa. Ki tuna kina yarinya, da an sauko daga idi a filin Independence, ko lallenki ba a gama yabawa ba nake ɗora miki kwanuka. Ɗaya gidan liman, ɗaya wurin tsohuwar nan da ba ta da kowa a bayan masallaci, ɗaya ɗakin matar nan 'yar ƙabilar Ga da muke haya gida ɗaya, wadda ita ma in bikinsu na Homowo ya zo sai ta aiko mana da kpokpoi, abincin bikin, ɗaya ga maƙwabcinmu Kirista da bai taɓa mantawa da mu ranar Kirsimeti ba. Kwanon kuma ba ya dawowa wayam. Kafin la'asar sai ki ga tuwon shinkafa na gida biyar a ɗakina, kowa da hannun miyarsa, har nakan gane wadda ta yi fushi da ni daga yawan naman da ta sa. Baƙi kuma ba sa sallama ta waya. Daga Madina, daga Fadama, daga Ashaiman, sai dai ki ji sallama a ƙofa. To a zo a tarar da kwaɗo a ƙofar tsohuwa ranar idi? Kafin magariba labari ya kai Mamobi cewa an kwantar da ni a asibiti. Kafin gwamnatin Rawlings ta mai da Sallah ranar hutu a nan Ghana, mahaifinki roƙon izini yake yi a wurin aiki don ya samu wunin nan a gida. Ba don ya zauna da cokali mai yatsu ya yi ba.

Washegari kuwa, ko rana ta uku, bismillah, ni ma zan sa mayafina. A babbar Sallah dai kada ma ki fara, nama na rataye a tsakar gida ki je ki sayi cinyar kaza.

Sai maganar kowa ya biya nasa. Tsakaninki da ƙawayenki, ku kuka san tsarinku. Amma a wurinmu wanda ya kira shi ke biya. Ki duba ɗan kawunki mai tuƙa motar haya ta trotro, yara huɗu, ya gama ɗinkin Sallah da ƙyar. In kika ce ya zo ya biya nasa, ba zai ce ba shi da shi ba, cewa zai yi mota ta lalace. Kin hana shi zuwa ke nan da bakin gayyata. Ki fara ƙirga abin da ke aljihunki, sannan ki ƙirga kawuna, ki ƙara mutum uku a kai, don babu fitar dangi da ba a samun wanda ya biyo baya. Ki kuma tambaya ko farashin da ke takardar abinci ya haɗa da haraji, don manyan wuraren nan a ƙasan rasit suke jero shi. In kuɗin sun yi kaɗan, a sauko da wurin, kada a rage mutane.

Wurin kuma da tsoho ake auna shi, ba da hoton da za ku sa a Facebook ba. Wata shekara surukina ya kai mu wani gida a bakin teku, ba zan kama suna ba. Bene ne, wan mijina da ciwon gwiwa sai da aka riƙe shi ta hammata. Kiɗa kamar a gidan biki, ba mai jin maganar wani. Teburin da ke kusa da mu kwalaben giya a jere. Lokacin la'asar ya yi, muka nemi inda za a shimfiɗa darduma, aka nuna mana gefen janareto. Da abinci ya zo, shinkafar ba ta kai tafin hannu ba, an yi mata ado da ganye kamar amarya. Dattijon nan bai ce uffan ba, ya sha ruwa, ya sa albarka. Muna dawowa gida ya ce ko akwai sauran tuwon jiya. Har dattijon ya rasu, surukina bai san bai ci ba.

Saboda haka ki je da ƙafarki kwana biyu kafin ranar. Ki tambayi wanda ke yanka musu nama, ba kunya. Naman sa da na akuya da sauƙi, don mahauta da yawa a Akara namu ne. Kaza ce abin bincike, galibinta a daskare take shigowa ta tashar Tema daga Barazil da Amurka da Turai, sai a duba kwali. Ki tambaya ko suna dafa alade ko naman daji, in suna yi, man suya da wuƙa ɗaya ne ko daban. Rubuta halal a allo ba wuya. Ki nemi takardar tsafta ta hukumar kula da abinci da magunguna, wadda akan manna a bango. Mu ma masu tebur a bakin titi sai an gwada lafiyarmu a ba mu kati. Wanda ya ga kwalarar 2014 a garin nan ba ya wasa da wannan. Ni dai in na shiga wuri, wurin wanke hannu da banɗaki nake fara leƙawa. Yadda suke, haka kicin yake.

In ra'ayina kike so, ki raba fitar biyu. Mu tsofaffi da yara ki nema mana wuri a ƙasa, nan kusa, Nima ko Kanda inda babban masallaci ke kusa, mai tuwon zafi da miyar ayoyo, wato lalo, da jollof da kaza don yaran, mu je bayan azahar mu taso kafin titi ya cushe. Ke da ƙawayenki ku tafi Osu ɗinku wani daren, ku ci abin da ba na iya faɗin sunansa.

Hayaƙin murhu da kika ce za ki hutar da ni kuwa, na karɓa. Ki zo ranar jajibere da wuri, da zanen aiki. Ki biya ta kasuwa ki taho da ayoyo da kanwa da citta, lamurjin bana ke za ki haɗa.