Tocila ta ƙasa ce, ba ta fuska ba

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce a hanyar masallaci da Asuba ka dallare wani dattijo da tocila ya yi maka tas, kana tambaya ko addini ne ya hana ko kuwa camfin tsofaffin garin Mai Wurno na Sudan ne. Da ni ka haska, da faɗan ya fi haka.

Ido na ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai, amma haske mai ƙarfi sau ɗaya ya isa ya mayar da shi baya. Tsohon nan yana lallaɓawa da ɗan ganinsa, ka zo ka kashe masa ido a lungun da kunama ke fitowa daga gindin katanga. Ga kuma cin fuska: a wurinmu ɓarawo ake haska wa fuska, ko wanda ake tuhuma. Shi ya sa aka koya mana ka sunkuyar da haske taku biyu ko uku a gabanka, ka yi sallama, murya ta faɗi ko kai wane ne. Haka nan ba a cilla haske ta saman katanga cikin gidan mutane. A nan kam addini ya shigo, don Annabi (SAW) ya ce saboda gani aka sanya neman izini.

Lokacin da muke ban ruwan auduga da dare a gonakin Jazira, da ruwan madatsar Sinnar da aka gama a 1925, tocilarmu mai batir biyu ce, haskenta ja-ja kamar na aci-balbal. Duk da haka ba ma barin ta a kunne. Ka haska bakin kwata, ka tabbatar ba maciji, ka kashe, ka yi gaba. Taku ta yanzu mai ƙwan LED ta ninka tamu ƙarfi nesa ba kusa ba, don haka ta fi bukatar hannu mai hankali.

In za ka saya, kada yawan haske ya ruɗe ka. Nemi wadda ake iya rage haskenta don tafiya cikin unguwa, mai makunnin da babban yatsa zai samu ba lalube, da igiyar ratayawa a hannu. In tana da jan haske ya fi, shi ba ya ɓata sabon ido da duhu sosai. Wannan mai ƙyaf-ƙyaf ɗin kuwa, har yau ban ga abin da ya tsinana wa kowa ba sai ciwon kai.

Mai caji kada ka bar ta a rana ko ƙarƙashin filo, batirinta ba ya son zafi, mu kuwa ka san zafin Sudan. Mai batir kuma in za ta daɗe a ajiye ka cire su, kada su yi ruwa su cinye ta. Ka ba ta wuri ɗaya kusa da shimfiɗarka, in an ɗauke wuta hannunka ya san inda take, kuma ka haska cikin takalmi kafin ka zura ƙafa.

Gobe bayan sallah ka sami dattijon, ka durƙusa ka ba shi haƙuri. Ka gaida mahaifiyarka.