Tambaya da Amsa: Ziyarar Gidan Adana Kayan Al'adu

Tambaya: Ina shirin ziyartar gidan adana kayan al'adun gargajiya. Me ya sa ake hana baƙi taɓa kayan da ke ciki?

Amsa: Hannun mutum, komai tsabtarsa, yana ɗauke da gumi da maiƙo, waɗanda suke sa ƙarfe tsatsa, su bar tabo a jikin kayan fata da na saƙa. Haske ma yana sa launin rini ya koɗe, shi ya sa ake rage shi a ɗakin tufafi. A ganinmu, gara ka nemi jami'in da ke yi wa baƙi bayani, domin takardar da ake liƙawa kusa da kaya ba ta cika faɗin yadda aka yi amfani da su ba. Ka binciki ranakun buɗewa, tunda gidaje da yawa suna hutu ranar Litinin.