Ba Sai Ka Nemi Shaheen Ba

Alhaji, ka ce kana son fasahar AI ta yi maka hasashen tsarabar da alhazai za su fi saye a shagonka na Makka, ko sai da babbar kwamfuta irin Shaheen ta jami'ar KAUST da ke Saudiyya?

A'a, wannan ta masu bincike ce, irin masu lissafin yanayi. Kai bayanai kake buƙata. Fara shigar da cinikin kullum a manhajar lissafi ta Excel, dabino daban, jallabiya daban, da kwanan watan Hijira, don Ramadan da Hajji na matsowa kusan kwana 11 duk shekara. Nan mutane ke tafka kuskure.

Kar ka zuba lambobin kwastomomi a ChatGPT. Akwai dokar kare bayanai, hukumar bayanai da AI ta Saudiyya, wato SDAIA, ke kula da ita. Kafin ka sayi manhaja, bari masanin bayanai ya duba lissafinka.