Majigi daban, silima daban

Wa alaikumus salam 'yata, ya gida, ya maigidan naki, ya baƙunta. Na ga saƙonki, ban so in amsa miki a tsaitsaye ba shi ya sa na bari sai da na samu zama. Kin ce maƙwabtanku a can Amurka sun gayyace ku wani fili da ake kallon fim daga cikin mota, kina son zuwa amma maganar Hajiya kakarku ta tsaya miki a rai, da take cewa 'yar mutunci ba ta taka ƙofar silima, alhali kuma ita ɗin ce dai take ba ku labarin majigin da suka kalla suna 'yan mata har da kwaikwayon muryar mai bayani. Shi ne kike tambaya to wai me al'adar ta hana ne, kallon ko me.

To Hajiya ba tufka da warwara ta yi ba. A wurinmu majigi daban silima daban, duk da hoto ne dai ake haskawa a jikin farin abu da daddare, kuma abin da ya raba su ba hoton ba ne, wa ya kawo shi, a ina aka kafa shi, da wa za ki zauna.

Majigi na hukuma ne. Tun zamanin Turawa ake yawo da shi, daga baya gwamnatin Jihar Arewa ta su Sardauna ta ci gaba da shi ta hannun ma'aikatar yaɗa labarai a Kaduna, kuma ba ya shiga gari sai da sanin En'e, wato hukumar gargajiya. Motar takan iso da la'asar, mu yara mu bi ta da gudu, sanƙira ya zaga unguwa yana shela cewa yau akwai majigi a ƙofar fada ko ƙofar gidan hakimi bayan sallar isha'i. Ko kwabo ba a biya. Sai su kafa sanduna biyu su ɗaura farin ƙyalle, su ta da janareto, su ɗora lasifika a kan motar. Zaman ma a tsare yake ba sai an gaya wa kowa ba, yara a gaba a ƙasa, maza gefe guda, 'yan mata da tsofaffi gefe guda, hakimi ko dagaci a kan kujera da mutanensa, 'yan doka na tsaye da bulala. Wanda bai samu wuri ba ya zagaya bayan ƙyallen, ana gani ta can ma sai dai komai a juye, mai rubutu da dama ka gan shi da hagu. Matan aure masu kulle a cikin birni ba sa fita, wannan gaskiya ne, Hajiya kuwa a wancan lokacin budurwa ce. Abin da ake nunawa kuwa, tsafta, rigakafin agana, yaƙi da jahilci, rangadin Sardauna, hawan dabar da aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna a 1956, sai kuma fim ɗin Baban Larai da kowa ya haddace, wanda yake koya wa manoma noman zamani. Mai bayani yana riƙe da makirufo yana fassarawa da Hausa yana ƙara nasa gishirin, wani lokaci ma shi ake zuwa saurare. To kin ga yarinyar da ta je nan a gaban idon ubanta da sarkin garinsu ta zauna, wa zai ce ta yi abin kunya.

Silima kuwa kasuwanci ce. Kwarori ne suka fara gina su a Kano, Rex tun a shekarun 1930, kuma yawancinsu a wajen ganuwa suke, Sabon Gari da Fagge da kewayensu, inda baƙi suke, inda ake sayar da giya, inda mata masu zaman kansu suke. Da kuɗinka za ka shiga, ba wanda ya san ɗan wane ne kai, kuma duhu ne. Macen da za a gani a ciki a wancan zamani an riga an san ko wace ce, shi ya sa ko matar kirki ce ta shiga sunanta ya ɓaci, ba don fim ɗin ba. Mu maza ma ba da izini muke zuwa ba, idan aka ce wane ɗan silima ne to ba yabo ba ne, mai neman aure sai ya ɓoye. Da aka gina Palace a cikin birni wajen Jakara a farkon shekarun 1950, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, malamai da dattawa sun yi ta adawa da abin, daga baya ma ginin asibiti aka mayar da shi.

Akwai kuma abin da ku yaran yanzu ba ku sani ba wanda ya ƙara sa wa iyayenmu tsoro. A 1951 gobara ta tashi a silimar El-Duniya a Kano ana cikin kallo, mutum 331 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Fim na wancan lokaci irin mai saurin kama wuta ne, daga ɗakin inji wutar ta tashi, mutane suka cunkushe a ƙofa. Ni ban yi wayo da abin ba amma na tashi na tarar ana maganarsa a kowane gida, kuma da yawa sun ɗauka ishara ce daga Allah. Uwar da ta ga an jera gawarwakin samari a garinsu, ba za ki ga laifinta ba idan ta ce ɗanta ma kar ya je balle 'yarta. Hajiya a cikin wannan ta girma.

Amma ba zan ɓoye miki ba 'yata, ni na so silima, har yau ina kewarta. Mu da muka yi samartaka a shekarun 1970 akwai Plaza, Orion a wajen Ƙofar Wambai, El-Dorado, Queens, Wapa, ita Wapan da kike ji ana canjin dala a Fagge ai silima ce ta bar wa wurin suna, daga baya aka zo aka yi Marhaba. Kuma abin da zai ba ki mamaki yawancinsu ba rufi, katanga ce doguwa aka zagaye fili da ita, bango ɗaya a shafe shi da farin fenti, sama a buɗe kina ganin taurari, sai can baya wajen masu kujera ne ake ɗan yin rumfa, 'yan benci a gaba ruwa ya zo ya dake su su ƙi tashi. Shi ya sa ba a farawa sai dare ya yi sosai. Da hunturu kowa ya zo da bargonsa ko ya naɗe kai da rawani. A bakin ƙofa ga mai tsire, mai shayi, mai rake, 'yan dafaffen ƙwai, ga fasta an manna a allo tun da rana mu tsaya mu yi ta musu a kan wane ne jarumi wane ne bos. Akwai daren kaboyi, akwai daren Cainis zamanin Bruce Lee, washegari duk yaran unguwa sun zama 'yan kareti, amma Indiya ita ce sarauniya. Ba ma jin yaren, amma mun ga mata da mayafi, mun ga ana jin kunyar iyaye, ga auren dole, ga talaka da mai kuɗi, sai muka ga kamar gidajenmu ne. Fim ɗaya sai a yi ta maimaita shi shekara da shekaru kuma a cika, in an zo waƙa fili gaba ɗaya ya ɗauka, in Amitabh ko Dharmendra ya shigo ceton wani sai ki ji tafi da fito kamar katangar za ta faɗi, mutum ya miƙe tsaye yana gaya wa jarumi ga shi nan a bayanka.

Wani maƙwabcinmu ofareta ne, Allah ya jiƙansa, ni nake ɗaukar masa gwangwanayen fim wani lokaci shi ya sa na san ɗakin. Ɗan ƙaramin ɗaki ne a sama can baya, da 'yan tagogi ƙanana, zafi kamar gidan burodi, daga shi sai singileti. Inji biyu ne a jere. Fim ɗin zare ne mai faɗin milimita 35 da huda-huda a gefe, a naɗe a faifai, kowane naɗi bai wuce minti 20 ba, to ki lissafa fim ɗin Indiya mai awa 3 naɗi nawa ke nan. Yana haska na farko yana zura na biyu a ɗaya injin, idonsa a kan bango, akwai wani ɗan ɗigo da yake bayyana a kusurwar sama ta dama, na farko ya ta da inji na biyu, in ɗigon ya sake fitowa sai ya juya hasken a take, masu kallo ba su san an canja komai ba. Hasken kansa ba ƙwan lantarki ba ne, sandunan kabon ne guda biyu wuta take tsalle a tsakaninsu, suna ci suna gajarta, dole ya riƙa matso da su in ba haka ba hoto ya dushe. Hoto 24 ne yake wucewa a kowace daƙiƙa, in zaren ya maƙale ko na ƙiftawar ido ne zafin ya cinye shi, sai ki ga fuskar jaruma ta yi tabo ta narke a bango, fili ya kaure da ihu, ofareta! ofareta! a dawo mana da kuɗinmu! Shi kuwa bawan Allah ko gezau, ya yanke inda ya ƙone, ya kankare bakin zaren da reza, ya shafa gam ya haɗa, ya mayar. Shi ya sa tsohon fim za ki ga mutum yana bakin ƙofa kawai sai ga shi a tsakar ɗaki, an yanke an yanke har ya rage. Wani daren kuma kwafi ɗaya silima biyu suke rabawa, yaro ne a kan babur yake jigilar naɗin daga nan zuwa can, in ya makara kowa ya zauna ya jira. Sana'a ce ta gaske wallahi, mutumin nan ya ciyar da iyali da ita, yana sallarsa a kan buzu a gefen inji, amma saboda sunan wurin bai taɓa samun girman da ya kamace shi a unguwa ba, wannan yana damuna har yanzu.

Mutuwar abin ba dare ɗaya ba ce. Talabijin ta shigo gidaje, sai bidiyo da kaset, sai darajar naira ta faɗi bayan 1986 shigo da fim daga waje ya yi tsada. A 1990 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa suka fitar da Turmin Danya a kaset, fim ɗin Hausa ya samu hanyarsa, kuma ki lura da wannan, matan da aka hana zuwa silima su ne suka zama manyan masu kallo da fim ya shigo ɗaki, Hajiya da kanta tana aike a karɓo mata haya, ba wanda ya ce uffan. Wannan kaɗai ya isa ya nuna miki ba kallon ake gudu ba. Bayan an ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000 aka kafa hukumar tace finafinai a 2001, dokoki suka ƙaru, gidajen da suka rage kuma sannu a hankali wasu suka koma shaguna da wuraren taro.

Shi wannan naku na mota tsohon abu ne a can. A 1933 aka buɗe na farko a jihar New Jersey, a ƙarshen shekarun 1950 sun haura 4,000 a faɗin ƙasar, yanzu 'yan ɗaruruwa suka rage, su ma talabijin da bidiyo da tsadar fili suka cinye su, ragowar kuma da kamfanonin fim suka daina aiko da zare sai da suka sayi injin dijital mai tsada ko su rufe. Da wata 'yar lasifika ake rataya wa a gilashin mota, yanzu ta rediyon motar ake kama sautin. Da kika kwatanta min sai na ga ya fi kusa da majigi a kan silimarmu, domin kowa da iyalinsa yake zuwa, kina cikin motar mijinki, ba mai gogayya da ke, ba mai zama a gefenki sai wanda kika zo da shi.

Don haka ni a nawa ganin ki je, ba ki taka al'ada ba, kuma ko Hajiya aka yi wa bayani yadda yake ba za ta hana ba. Sai dai ku bincika wane fim za a nuna tun kafin ku fita, kar ku je da yara a haska abin da za ku rasa inda za ku sa fuskarku, su can ba kunyarmu gare su ba. Kuma tunda da bazara rana tana daɗewa ba ta faɗi ba a wajenku, su kuma sai duhu ya shiga suke farawa, to lokacin zai ci karo da magariba, ku tafi da darduma da alwalarku ku yi sallah a gefen mota kafin a kunna. In kin ga ɗakin injin a buɗe ki roƙi mai wurin ya bar ki ki leƙa, wasunsu suna ajiye tsohon injin zaren a gefe, ki ɗauko min hotonsa ki turo. Ki gaida maigidan da yaran, Goggonki ma tana gaishe ku.