Maganaɗisu ba ya gane sitenles na jabu

Wata baiwar Allah ta rubuto hankalinta a tashe, wai wuƙarta sabuwa fil ta faɗi ƙasa bakin ya ɓantare, ko cutarta aka yi?

'Yar uwa kwantar da hankalinki, ba lallai ba ne. Tauri daban, juriya daban. Wuƙar da aka yi da sitenles (ƙarfe mai jure tsatsa) mai lamba 440C, sinadarin kabon ɗinta ya kai wajen kashi 1 cikin ɗari, shi ke sa ta daɗe da kaifi kuma shi ɗin dai ke sa mata gautsi kamar tangaran. Ki kai a wasa miki ita, ki daina sara ƙashi ko ɓamɓare murfin gwangwani da ita.

Wani kuma cewa ya yi in faɗa masa ƙarfen da ya fi kowanne ƙarfi. Malam a wane aikin? Je ka yi tunani ka dawo.

Sai mai tambaya ta uku, shi wai in maganaɗisu bai kama ba shikenan sitenles mai lamba 304 ne na asali ya biya kuɗi. Kai jama'a, wannan magana ta ishe ni wallahi. Abin da ke hana sitenles tsatsa sinadarin kromiyam ne, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. Shi 304 kromiyam kashi 18 gare shi da nikel kashi 8, kuma nikel ɗin nan ne ke ba shi danƙo, ka lanƙwasa shi ya bi ka bai tsage ba ko a tsananin sanyi. To nikel na da tsada, sai aka fito da 201 aka rage nikel aka cike da manganis da naitirojin, shi ma maganaɗisu ba ya kama shi, sheƙi iri ɗaya, wani mara tsoron Allah ya buga masa hatimin 304 kai kuma ka gwada da ɗan maganaɗisunka ka tafi kana murna, bayan 'yan watanni ka ga ɗigo-ɗigon tsatsa inda ruwan gishiri ya kwanta. Sannan 430 maganaɗisu na kama shi amma ba jabu ba ne, babu nikel ne kawai, shi ya sa ya fi saurin tsagewa in an matsa masa. Kai ko 304 na gaske in ya sha bugu da lanƙwasa yakan ɗan kama. In kaya masu yawa za ka saya nemi takardar gwajin masana'anta, in kusa da ruwan teku ne kuma 316 za ka nema, mai molibdenam kashi 2 zuwa 3.

Maigida mai walda da ke kukan aikinsa na cinyewa a gefen ɗinki, zafin walda ne ya haɗa kabon da kromiyam wurin ya rasa kariya. Koma 304L, kabon ɗinsa ba ya wuce kashi 0.03 cikin ɗari, ko 321 mai taitaniyam. Amma 303 kam kar ma ka fara yi masa walda, sulfa ɗin cikinsa zai tsaga maka aiki.