Hukuncin sanya robar PEEK a ƙashin baya da abin da ake cusawa a cikinta

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni direban babbar mota ne, shekarata 54. Shekara uku ke nan ina fama da ciwon baya, yanzu ƙafata ta hagu ta fara mutuwa. Likita ya ce faifan da ke tsakanin ƙashi na huɗu da na biyar a ƙuguna ya cinye, za su cire shi su sa wani ɗan akwatin roba mai suna PEEK, su cika shi da garin ƙashi daga ma'ajiyarsu, su ɗaure da kusoshi. Yayana ya ce salla ba ta inganta da roba a jiki, kuma ran da na mutu sai an tsaga ni an cire. Likitan ya ce in bar taba, amma wannan sai a hankali. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ce.

Robar kanta babu komai a kanta. Sinadari ne da aka fara haɗawa a Ingila a 1978, ba a samo shi daga dabba ba, saboda haka mai tsarki ne. Kada sunan roba ya ruɗe ka, ba irin ta bokiti ba ce: ba ta narkewa sai zafi ya kai digiri 343. Likitoci suna zaɓarta ne don taurinta ya fi na ƙarfe kusa da na ƙashi, kuma ba ta rufe hoto in sun zo duba ko ɗorin ya kama. Hadisin Arfaja, sahabin da ya rasa hancinsa Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya, ya ishe mu hujja, kuma majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya da ke Makka, ta halatta irin wannan tun 1985. Sallarka ingantacciya ce. Ran da wa'adi ya yi, da robar da kusoshin za a binne ka, ba a tsaga mamaci saboda su.

Inda na tsaya a wasiƙarka shi ne maganar da ka wuce da gudu: garin ƙashi daga ma'ajiyarsu. Ƙashin wa?

Akwatin nan bai wuce girman dabino ba, kuma cikinsa fanko ne. Ƙashi ba ya kama wannan roba da kansa, abin da aka cusa a ciki shi ke zama gadar da ƙasusuwan biyu za su haɗe a kanta. Yakan zama ƙashinka ne da aka ɗebo daga ƙugu ko aka tsinta lokacin aikin, ko haɗin kamfani, ko ƙashin saniya da aka sarrafa. Yakan kuma zama na mutumin da ya rasu, wanda shi kalmar ma'ajiya ta fi nunawa. Akwai ma nau'in da ake kwaɓa garin da sinadarin da aka samo daga alade don ya yi danƙo. Koma wurin likitanka ka ce ya faɗa maka sunan abin da asalinsa. Haƙƙinka ne, ba rashin kunya ba ne. In naka zai wadatar, ko haɗin kamfani, magana ta ƙare, kada ka wuce su.

In ya ce ba za su wadatar ba sai da na mamaci, to nan ne malamai suka saɓa. Wasu manya da muke girmamawa sun hana, hujjarsu hadisin Nana A'isha cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye, da kuma cewa jiki amana ne, ba mallakar mutum ba ne balle ya yi kyauta da shi. Ban gamsu ba. Dubi hadisin da kyau: an kamanta mamaci ne da mai rai. To mai rai fa, kai ɗin nan, likita zai sa wuƙa ya yanki ƙashinka da izininka don maslaha, kuma babu wanda ya ce ya yi zunubi. Ashe abin da aka hana shi ne ta'addanci da wulaƙanci, ba kowace taɓawa ba. Maganar amana kuwa gaskiya ce, amma jini ma amana ne, kuma ba mu ji ana hana mutum ya ba mai naƙuda leda ɗaya ba. Sannan a Mukhtasar ɗin da muke karantawa a zaure, Shehu Khalil ya yarda a farke cikin mamaci in ya haɗiye dukiya mai yawa. In za a taɓa gawa saboda kuɗi, ƙafar magidanci mai ciyar da iyali ba ta fi kuɗi ba? Shi ne dai ya ce mafi bayyanar zance gawar ɗan'adam mai tsarki ce, don haka batun najasa ma bai taso ba. A kan wannan ne majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tsaya a zamanta na Jidda a 1988, da sharaɗin mamacin ko magadansa sun ba da izini, ba sayar da shi aka yi ba, kuma wani muhimmin aikin jiki ya rataya a kansa. Tafiya da ƙafa tana cikin wannan.

Wanda aka kwaɓa da na alade, ka nemi a canza, akwai madadinsa. In an rasa, Imamu Nawawi ya faɗa a Minhaj cewa wanda ya ɗora ƙashinsa da najasa don rashin mai tsarki yana da uzuri.

Yanzu taba. Ka ce sai a hankali, ni kuma na ce ba a hankali ba. Ba ma sai na shiga hukuncinta ba: tana matse ƙananan jijiyoyin jini, kuma sabon ƙashi ba ya tsirowa sai da jini. Masu shanta su ne ɗorinsu ya fi ƙin kamawa. Za ka sayar da fili ko ka ci bashi, a buɗe bayanka, sannan ka zo ka ɓata aikin da kara ɗaya bayan ɗaya? Ka ajiye ta tun yau, makonni kafin ranar aiki.

Bayan aikin za a hana ka sunkuyawa da ɗaukar kaya na wani lokaci. Na san irinku, kunya takan sa mutum ya kai goshi ƙasa a sahun farko yana cije leɓe. Kada ka yi. Ka yi salla a tsaye ko a kan kujera, ka yi nuni da ruku'u da sujada har likita ya sake ka. Haka sitiyari, kada mai mota ya matsa maka ka koma kafin lokaci.

Yayanka tsoron Allah ne ya sa shi magana, ka karanta masa wannan cikin ladabi. In kuwa kafin ranar aikin ka ga fitsari yana kuɓuce maka ko ya ƙi fita, ko tsakanin cinyoyinka ya daina jin taɓi, kada ka jira amsar kowane malami, a kai ka asibiti a ranar.

Wallahu a'alam.