Amsar tambayoyinku: siyasa, "ci", da ladan kuturu

Assalamu alaikum jama'a, ku yi min haƙuri da jinkiri, tambayoyi sun taru kuma wannan karon kusan duk a kan harkar mulki sunka zo, zan ɗauki ukku yau sauran sai wani jiƙon in Allah ya kai mu.

Ta farko daga Gusau ta fito, wata ɗaliba ce mai digiri na biyu a kimiyyar siyasa, tana bincike kan yadda mutanen karkara ke sa baki cikin al'amuran ƙaramar hukuma. Ta ce ta mai da takardar tambayoyinta Hausa ta tafi wani ƙauye wajen Bunguɗu, ta ce ma wani dattijo "Baba kana shiga harkar siyasa?" ya ce a'uzubillahi shi bai taɓa ba, amma da hira ta yi nisa sai ga shi yana ba ta labarin yadda ya ja mutanen unguwarsu har sau ukku zuwa wurin kansila kan maganar taki, ga kuma katin zaɓensa ya zaro daga aljihun 'yar shara an naɗe shi cikin leda. Ta ce Malam to mi zan rubuta, yana shiga ko ba ya shiga?

'Yata, Baba gaskiya ya gaya miki, kalmar da kinka riƙe ce ta ɓatar da ke. Siyasa daga Larabci munka aro ta, kuma can asalinta kula da dabba ne da sarrafa ta cikin dabara, shi ya sa Larabawa ke ce ma mai kula da doki "sa'is". Da wannan tushen hadisin nan na Buhari da Muslim ya zo cewa Banu Isra'ila annabawa ne ke yi musu siyasa, wato su ke jagorantarsu suna kula da lamarinsu. Haka malamanmu sunka fahimce ta, Malam Abdullahi na Gwandu yana da Diya'us Siyasat, Sarkin Musulmi Bello yana da Usulus Siyasa, kuma ba maganar jam'iyya ko fosta a ciki, maganar adalci ce da yadda mai riƙe da jama'a zai tausasa musu. A bakin Bahaushe ma wannan ma'anar ba ta mutu ba, ni da kunnena na ji kakata tana ce ma matar yayana, lokacin da yaro ya ƙi shan magani yana ta harbe-harbe, "ke bi shi da siyasa mana", sai ta zauna ta ɗora shi kan cinya tana yi mishi wasa har ya haɗiye. Lallashi ke nan da dabara.

To da jam'iyyu sunka shigo a shekarun 1950, zamanin NEPU da NPC, sai kalmar ta ɗauki sabon kaya, yau in kin ce ma mutumin ƙauye siyasa abin da zai gani shi ne motar kamfen da 'yan bangar da ke rataye jikinta da alkawarin da ba a cikawa, har in mutum yana yaudararka sai ka ce "kar ka yi min siyasa". Wane dattijo ne zai yarda ya sa kansa cikin wannan layin gaban baƙuwa? Saboda haka ki cire kalmar daga tambayar gaba ɗaya, ki tambayi aikin kansa: bara ka taɓa zuwa wurin kansila ko ciyaman ko hakimi da wata buƙata ta gari? ka jefa ƙuri'a? in an ba da kuɗin rijiya ba a gina ba wa kuke bi bahasi? Ki kuma ba wani wanda bai ga Turancin ba ya sake mai da Hausar taki Turanci ki gani ko ma'ana ta kauce, masu manyan bincike na jin ra'ayin jama'a irin Afrobarometer da harsunan gida suke tambaya ciki har da Hausa, kuma fassarar aiki ce da ake zama a kanta ba abin da ake yi daren tafiya ba. Wannan abu yana damuna ƙwarai domin daga irin waɗannan takardun ake fitar da rahoto a ce talakan Arewa ba ruwansa da sha'anin mulki, a gina manufa a kai, alhali shi ne mai fita da asuba ya bi layi.

Af, ki kula da mulki da shugabanci ma ba ɗaya suke ba. Mulki tushensu guda da mallaka, akwai ƙarfi da iko cikinsa, shugaba kuwa daga "shiga gaba" ne.

Tambaya ta biyu wani malamin sakandare ne daga Jega, ya ce ya ji ana cewa tunda Bahaushe ke faɗin ya ci zaɓe, ya ci sarauta, to harshenmu da kansa ya nuna mulki wurinmu abinci ne. Ɗan uwa na san inda zancen ya samo asali, wani masani ɗan Faransa Jean-François Bayart ya fitar da littafi a 1989 kan abin da ya kira siyasar ciki, wato tumbi, kuma daga bakin mutanen Kamaru ya ɗauko kalmar. Bincikensa yana da nauyi ban raina shi ba, amma a jawo "ci" ta Hausa a ce hujja ce, wannan kam ban yarda ba. Ɗalibi yana cin jarrabawa, ana cin kasuwa, ɗan kokawa yana cin gasa, an ci gari da yaƙi, wuta ta ci rumbu, tulu yana cin ruwa kaza, har ci gaba da muke roƙo kullum da ita anka gina shi. A "cin zaɓe" ma'anar rinjaye ce kawai. Inda Hausa ke son ta yi zargi ai ba ta ɓoyewa, sai ta ce cin amana, cin hanci, cin zali, ka ga abin da anka ci shi ke nuna laifi.

In kana son wurin da harshe ya tona mana asiri da gaske to ka saurari "kayan gwamnati". Peter Ekeh, ɗan ƙasar nan, ya rubuta a 1975 cewa mulkin mallaka ya bar mu da jama'a iri biyu cikin zuciya, akwai ta gida da dangi wadda muke jin kunyarta, akwai ta hukuma wadda ba mu jin ta shafe mu. Mutumin da ba zai taɓa ɗaukar tabarmar masallacin unguwa ba, shi ne zai ga yara na cire tagar aji ya wuce yana cewa ai na gwamnati ne. Kalmar gwamnati ma aro ce daga Turanci, kamar Razdan da Di'o, wato jami'an Turawan mulkin mallaka, da En'e, hukumar gargajiya ta sarakuna, kuma ko da gyaran 1976 ya kawar da En'e ya kawo ƙananan hukumomi, yau 21 a Kebbi 14 a Zamfara, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye, har yanzu da wuya ka ji mutum ya ce "kuɗinmu", sai dai "kuɗin lokal". Wannan ya cancanci wani ɗalibi ya zauna a kansa.

Ta ukku gajera ce, wata baiwar Allah daga Argungu ta ce an ba su taliya da atamfa lokacin zaɓe anka ce musu kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi mishi aski, shin karin maganar ta hau kansu? Hajiya lada a nan kuɗin aiki ne ba ladan lahira ba, wanzami ne ya karɓi kuɗi to ba shi da damar ƙyamar kan da zai aske. Sai dai aski sana'ar wanzami ce halas ya sayar da ita, ƙuri'a kuwa shaida ce, kuma dokar zaɓe ta hana saye da sayar da ita, ciniki bai ƙullu ba balle a ce akwai bashi wuyanku. Wanda karin maganar ta hau kansa shi ne wanda ya nemi kujera ya samu yana karɓar albashi da alawus daga dukiyar jama'a, shi ya ci ladan, shi ke da askin yi komai wahalarsa.

'Yata ta Gusau, in kin gyara takardar ki turo min in duba kafin ki koma Bunguɗu, kuma in kin je ki fara da gidan wannan dattijon ki sake tambayarsa.